BINDIGAR JAMUS A ƊAKIN KAKA: GADO CE KO FITINA?

A ce wani tsoho ya rasu a Zangon Agege. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, malamai sun zauna za a raba gado. Aka jawo adakarsa tsakar ɗaki, aka fito da riguna da rawuna da takardun cinikin goro waɗanda suka yi ja saboda tsufa. Sai wani yaro ya hango wani dogon abu kwance jikin bango, naɗe cikin buhu. Da aka warware sai ga bindiga, ƙarfenta ya yi baƙi, katakonta ya dafe da maiƙo, ga waɗansu baƙaƙen Turawa da hoton kambin sarauta an buga a jikinta. Wata tsohuwa daga ƙurya ta ce ai bindigar Jamus ce, mahaifin marigayin ya zo da ita daga Garwa.

Nan da nan shawara za ta rabu uku. Wani zai ce a jira dare ya yi a jefa ta cikin kwata kafin 'yan sanda su ji labari. Wani zai ce a sayar wa 'yan gwangwan, ai ƙarfe ne. Na uku kuwa, wanda ya ɗan yi boko, zai ce ya ji Turawa suna sayen irin waɗannan da kuɗi masu yawa, don haka a ɓoye ta har a sami mai saye. Duk ukun nan babu mai ɓullewa. Na farko da na biyu za su hallaka tarihin gidansu da hannunsu, na uku kuwa yana neman kai kansa kurkukun Kirikiri. Kafin a faɗi abin da ya kamata a yi, ya kyautu mai karatu ya san yadda aka yi bindigar Jamus ta shiga hannun 'yan Arewa tun farko.

JAMUSAWA A MAƘWABTA

Jamusawa ba su taɓa mulkin Ikko ko Kano ba, amma sun zauna a gabas da yamma da Nijeriya har shekara talatin. Cikin watan Yuli na 1884 wakilinsu Gustav Nachtigal ya kafa tutarsu a Togo, sa'an nan ya wuce Duwala ya kafa ta a Kamaru. Su kansu Jamusawan ba su da yawa, saboda haka tilas suka nemi baƙaƙen fata su riƙe musu bindiga. A lokacin nan Bahaushe ya riga ya yi suna wajen aikin soja a bakin teku, tun daga 1863 sa'ad da Glover ya tara waɗansu Hausawa a nan Ikko ya ba su makamai, watau ƙungiyar nan da rundunar sojan Nijeriya take ƙirga asalinta daga gare ta. Don haka Hausawa suna cikin waɗanda Jamusawa suka fara ɗauka aikin ɗan sanda da soja a Togo da Kamaru, tare da mutanen Dahomey da Laberiya da Saliyo.

Daga bakin teku suka yi ta matsowa arewa. Suka ci Tibati a 1899, suka ci Ngaundere da Garwa a 1901. A watan Satumba na wannan shekara Turawan Ingila suka kama Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita. Cikin Janairu 1902 ya tara mayaƙa a Marwa, amma dawaki da masu ba su iya da harsashin Hans Dominik da sojojinsa ba. A shekarar nan dai Jamusawa suka isa Dikwa, suka kuma kashe Arɗo Bakari na Madagali suka naɗa ɗansa Hamman Yaji. Ta haka aka raba ƙasar Adamawa biyu: Yola ta faɗa hannun Ingila, mafi yawan ƙasar kuwa ta faɗa hannun Jamus. Garuruwa kamar Dikwa da Gwoza da Madagali da Mubi, har zuwa tsaunin Mambila, duk sun zauna ƙarƙashin tutar Jamus. Ba su zama Nijeriya sosai ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, inda aka ba yankin sunan Lardin Sardauna. Ashe ke nan direban tanka ɗan Mubi da ke kwana a Apapa, ko mai gadi ɗan Gwoza da ke Ikoyi, kakanninsa talakawan Jamus ne na ɗan wani lokaci.

Kada a ɗauka labarin bindigar nan duk na jaruntaka ne. Hamman Yaji ya bar littafin da aka riƙa rubuta masa abubuwan da ya yi daga 1912 zuwa 1927, an kuma buga shi da Turanci a 1995. A ciki shi da kansa yana lissafa hare-haren da ya aika kan mutanen duwatsu da yawan bayin da aka kamo. Jikokin masu harbin da jikokin waɗanda aka harba duk suna zaune yau a Ikko, wataƙila ma a layi guda. Wannan ma dalili ne na adana abin, domin shaida ce ga ɓangarorin biyu.

YAƘIN KAMARU

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi cikin Agusta 1914, Togo ba ta daɗe ba, ta sallama ranar 26 ga watan. Wani sojan Gwalkwas mai suna Alhaji Grunshi shi ne ake cewa ya fara harba bindiga a madadin Ingila cikin yaƙin duka, a can Togo. Kamaru kuwa ta ba da wuya. Sojan Nijeriya, waɗanda da Hausa ake ba su umarni, suka shiga ta hanya uku: daga Maiduguri zuwa Mora, daga Yola zuwa Garwa, da kuma ta kogin Kuros. Duk ukun suka sha kashi. A Garwa, ƙarshen Agusta, aka kashe shugabansu Laftanan Kanar Maclear, saura suka koma Yola. A Nsanakang ranar 6 ga Satumba aka kusa ƙarar da su. Sai waɗanda aka kwasa cikin jiragen ruwa daga Ikko da sauran tashoshin bakin teku ne suka yi nasara, suka karɓi Duwala ranar 27 ga Satumba.

Jamusawa ma sun ƙetaro iyaka. Ranar 29 ga Afrilu 1915 suka faɗa wa Gurin, tsohon garin Modibbo Adama, amma 'yan tsirarun sojan da ke wurin suka tsaya har maharan suka janye. Bayan haka al'amari ya juya. Cunliffe ya kewaye Garwa tare da sojan Faransa, ya yi ta zuba mata igwa har ta sallama ranar 10 ga Yuni 1915. Kafin sallamawar da yawa daga baƙaƙen sojan Jamus sun watse, waɗansu kogin Binuwai ya cinye su. Aka ci Ngaundere, aka hau dutsen Banyo cikin Nuwamba, aka shiga Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916. Babbar rundunar Jamus ta tsallaka ƙasar da Sifen take mulki, aka karɓe makamansu, aka tsare sojojin a tsibirin Fernando Po. Saura Kyaftin von Raben kaɗai a kan dutsen Mora, wanda ya yi kusan shekara ɗaya da rabi a kewaye. Sai ranar 18 ga Fabrairu 1916 ya sauko, bisa sharaɗin a bar baƙaƙen sojansa su koma gidajensu.

Ba a nan aka tsaya ba. Ƙarshen 1916 aka ɗebi sojan Nijeriya zuwa Afirka ta Gabas, ƙasar da take Tanzaniya a yau, don su yaƙi Janar von Lettow-Vorbeck. A Mahiwa cikin Oktoba 1917 an zubar da jinin 'yan Arewa mai yawa. Ban da sojoji akwai 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka, waɗanda yunwa da ciwo suka fi kashewa bisa ga harsashi, ba kuma kowa ne aka rubuta sunansa ba.

Mutum ɗaya ya isa misalin zamanin nan duka, watau Chari Maigumeri. Babarbare ne, ya shiga sojan Jamus yana saurayi, ya yaƙi Ingila, aka kama shi a Garwa a 1915. A 1917 ya shiga sojan Nijeriya ya tafi Afirka ta Gabas yaƙar iyayen gidansa na dā. Ya zama samanja, ya yi yaƙin Habasha da na Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya sami lambobin yabo, ya bar aiki a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Kafaɗar mutumin nan ta rataya bindigar Jamus, ta kuma rataya ta Ingila. Irinsa suna da yawa, sai dai ba a san sunayensu ba.

TA INA TA SHIGO GIDA?

Gaskiyar magana, ba kowane gidan tsohon soja ne yake da irin wannan bindiga ba. Soja ba ya tafiya gida da makaminsa. Ran da aka sallame shi, bindiga takan koma ma'ajin bariki. Bugu da ƙari, tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 ƙasashen Turai suka haɗa baki kan hana baƙar fata sayen bindigar zamani, suka bar masa ta toka wadda ake ɗurawa ta baki. Saboda haka 'yan kaɗan da suka ɓuya a hannun jama'a ta ɓarauniyar hanya suka bi: wadda aka tsinta a fagen fama, wadda sojan da ya gudu ya tafi da ita, da wadda Bature ya ba wani basarake ko maharbi. Abin da aka fi samu a adakar tsofaffi shi ne banati, ko kan ɗamara, ko maɓallin kaki, ko lambar yabo, ko takardar sallama.

Har wa yau, ba kowace tsohuwar bindiga ce ta Jamus ba. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan Nijeriya Italiyawa suka yaƙa a Habasha, da Japanawa a Bama. Wanda ya ce kakansa ya ƙwato bindigar Hitila a dajin Bama, labarin ya cakuɗe masa. Sau da yawa abin da ake kira bindigar Jamus ta Ingila ce, Lee-Enfield, wadda soja da 'yan sandan ƙasar nan suka daɗe suna riƙewa.

YADDA AKE GANE TA

Sunan da ya fi fitowa shi ne Mauser. 'Yan'uwa biyu ne, Paul da Wilhelm Mauser, mutanen wani ƙaramin gari mai suna Oberndorf a bakin kogin Neckar. Ƙirarsu ta 1871 ita ce sojan Jamus suka ɗauka. Tana da sakata a baya kamar ta ƙofa, a ja a sa harsashi ɗaya, a tura a rufe. Faɗin bakinta milimita 11 ne, kuma baƙin albarushi take ci, mai tayar da farin hayaƙi. Gajeruwar irinta, wadda suke kira Jägerbüchse 71, ita aka daɗe ana ba baƙaƙen soja, har bayan Jamusawan Turai sun daina amfani da ita. A Afirka ta Gabas da ita yawancinsu suka shiga yaƙin 1914, hayaƙinta yana tona wa mai harbi asiri.

Daga baya aka yi ta 1888 mai albarushi marar hayaƙi, wadda kwamitin soja ne ya tsara ta, ba gidan Mauser ba. Sa'an nan aka yi shahararriyar nan Gewehr 98 a 1898, mai cin harsashi 5, tsawonta mita ɗaya da kwata, nauyinta wajen kilo 4. Gajeruwar jikanyarta ta 1935, Karabiner 98k, ita ce ta zamanin Hitila, an ƙera fiye da miliyan 14. Ita kuwa G3 da mai karatu ya saba gani a kafaɗar soja, ta bayan yaƙi ce. Kamfanin Heckler & Koch ne ya yi ta, wanda tsofaffin ma'aikatan Mauser suka kafa a Oberndorf ɗin dai a 1949. Masana'antar makamai ta Kaduna ma, da aka kafa a 1964, wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner ne ya gina ta. G3 ba kayan tarihin gida ba ce. Duk wanda aka gan shi da ita ba soja ba, ba ɗan sanda ba, sai dai ya yi bayani a kotu.

Jamusawa mutane ne masu son lissafi, don haka bindigarsu tana ɗauke da takardar haihuwarta a jiki. A saman ƙarfen, gaban sakata, akan buga sunan inda aka ƙera ta: Spandau, ko Erfurt, ko Danzig, ko Amberg, ko Oberndorf. Akan buga shekarar ƙira da hoton kambi. Akwai lamba guda wadda ake maimaitawa a bututu da sakata da katako, har da ƙananan kusoshi. Waɗansu kuma suna da baƙaƙen rundunar da ta riƙe su, kamar Sch. D.O.A. na sojan Afirka ta Gabas. Wanda ya iya karanta waɗannan alamu zai faɗi shekarar bindiga da garin da ta fito ba tare da ya taɓa kunamarta ba.

MASU TARAWA A ƘASASHEN WAJE

Mai bokon nan da ya ce Turawa suna saye bai yi ƙarya ba. A Amurka da Ingila da Jamus akwai mutanen da sha'awarsu ke nan, suna da ƙungiyoyi da littattafai da kasuwannin gwanjo. A Amurka dokar tarayya ta ɗauki bindigar da aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi. A waɗansu ƙasashen Turai kuwa sai da lasin na musamman, ko kuma a kashe bindigar yadda ba za ta sake tashi ba, a ba da takardar shaida. Garin Oberndorf yana da gidan adana makamai, haka ma birnin Leeds na Ingila, wanda aka buɗe nasa a 1996.

Abin lura shi ne abin da masu tarawan nan suke daraja. Ba ƙyalli suke nema ba. Suna duba ko lambobin nan duk sun dace da juna, domin in sakata ta wata bindiga ce daban, daraja ta faɗi. Suna duba ko katako yana nan da asalin launinsa da hatiminsa. Fiye da kome suna tambayar labarinta: wa ya riƙe ta, a wane yaƙi, ina shaida? Bindigar da aka goge da sanfefa aka shafa mata fenti ta zama ƙarfe kawai a wurinsu. Masu magana sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya kai ta wurin maƙeri ya gyara, ko ya yanke bakinta don farauta, ya kankare rubutun da ba mai iya mayarwa.

RAƁAR IKKO

A Gumel ko Nguru ƙarfe yakan shekara hamsin a rataye bai yi kome ba, sai dai gara ta ci katako. Ikko dabam ce. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, damina tana da tsawo, ɗakunan haya na Agege da Idi-Araba da Mile 12 kuwa ruwa yakan shiga har ƙarƙashin katifa. Buhu ko tsumman da aka naɗe ƙarfe da shi yakan sha raɓa ya riƙe, ya zama shi ne mai kawo tsatsar. Maratayin fata yakan yi fumfuna ya ruɓe. Cikin bututu ma akwai ɓarna tun ta dā, gama tsohon harsashi yakan bar wani gishiri mai jawo laima, in ba a wanke ba ya yi ta cin ƙarfe daga ciki.

A gidajen kayan tarihi abin da ake yi kaɗan ne, amma kullum ake yinsa. Ana ajiye abu a busasshen wuri nesa da ƙasa da bango, inda iska take wucewa. Ba a taɓa ƙarfe da hannu tsirara, domin gumi ma gishiri ne. Akan share ƙura da tattausan ƙyalle, a shafa ɗan mai marar nauyi ko kakin da aka yi don wannan aiki. Ba a sa manja ko man gyaɗa, don sukan daskare su yi tsami, baƙin man mota kuwa yakan jiƙa katako ya lalata shi. Wannan dabara ta isa ga banati da lambar yabo da kan ɗamara da ke hannun iyali. Takardu kuwa a shimfiɗa su cikin kwali, kada a liƙa musu salatif, kada a kai a manne su cikin leda da zafi.

Ita bindigar kanta, a ɗauka a cike take. Kada a ja kunama don gwaji, kada a leƙa bakinta, kada a bar yara kusa. Tsohon harsashi yana iya tashi bayan shekara ɗari, kuma ƙarfen da tsatsa ta ci yana iya fashewa a fuskar mai harbi. Mazauna Ikko ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan makaman da aka ajiye aka manta. Ranar 27 ga Janairu 2002 ma'ajin makamai na barikin Ikeja ya kama da wuta, mutane fiye da 1,000 suka hallaka, yawancinsu a cikin ruwan Oke-Afa wajen gudu.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko su ne waɗanda aka haramta, kamar bindigogin soja da masu jigida da ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na farauta da makamantansu, lasinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne bindigogin toka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ba da izninsu. Bindigar Mauser ta baya ake sa mata harsashi, don haka takardar bindigar toka ba ta rufe ta ba. Hukuncin wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Lasin kuma ba a gadonsa kamar gona. Ko da kaka yana da takarda tun zamanin Gwamna, takardar ta mutu tare da shi.

Ga ɗan Arewa mazaunin Kurmi abin ya fi haka nauyi. Kowa yana tune da rikicin Ketu da Mile 12 na Nuwamba 1999, da na Idi-Araba na Fabrairu 2002. Bayan kowace tarzoma akan bi gida gida ana bincike. In aka fito da doguwar bindiga daga ɗakin Bahaushe a irin wannan rana, ba wanda zai tsaya karanta 1898 a jikinta. Za a ɗauki hoto a ce an gano makaman Hausawa, mutum ɗaya ya jawo wa unguwa duka baƙin jini. Mai neman saye a ɓoye kuwa, ba a san ko wane ne ba. Yana iya zama ɗan fashi, yana iya zama ɗan sandan ciki. Tsallaka iyaka da ita zuwa Kwatano kuma fasa-ƙwaurin makamai ne.

MAFITA

To, me magadan nan na Agege za su yi? Da farko a kulle ɗakin, a bar bindiga inda take. A ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, da dukan baƙaƙe da lambobin da ke jiki. A zaunar da tsohuwar nan da ta ce daga Garwa aka zo da ita, a ɗauki muryarta: sunan mai bindigar, garinsu, wa ya yi wa soja, yaushe ya sauka Ikko, da goro ya zo ko da shanu. Wannan ya fi gaggawa bisa ga kome, gama ƙarfe zai jira wata guda, tsohuwa kuwa sai yadda Allah ya yi.

Na biyu, babban gida ya sami Sarkin Hausawa ko mai unguwa, a nemi lauya, a tafi wurin babban jami'in 'yan sanda na yankin a ba da labari a rubuce. Kada a saɓa bindiga a shiga mota da ita zuwa caji ofis. A bari su zo su ɗauka, a kuma karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar bindigar.

Na uku, tun kafin a miƙa ta a rubuta wa Hukumar Gidajen Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, a haɗa da hotuna da labarin, a roƙi su neme ta daga hannun 'yan sanda. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin makaman da aka karɓa daga jama'a ƙarshensu wuta ne. Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ta lalata fiye da 2,400 a Abuja cikin Oktoba 2024. In ba wanda ya yi magana, bindigar da ta ga yaƙin Garwa za ta narke tare da ta ɓarayin shanu.

Wuraren ajiya suna nan. Gidan kayan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, mota ɗaya ko biyu ce daga Agege. A can ne aka ajiye Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, da ramukan harsashi a jikinta, 'yan makaranta suna zuwa suna gani. Akwai gidan tarihin yaƙi na Umuahia da aka ƙaddamar a 1985, akwai Gidan Makama a Kano. A Lakwaja akwai dutsen tunawa da mazan jiya da tsofaffin bindigogi girke a kansa. Kwafen takardun sallama da muryar tsofaffi kuwa, Gidan Arewa da ma'ajin takardun tarihi na ƙasa duk suna Kaduna.

Shugabannin Hausawa na Agege da Obalende da Idi-Araba da Alaba Rago suna da rawar da za su taka. Da za su sanar a masallatan Juma'a cewa duk mai irin wannan kaya ya zo a rubuta, sa'an nan su tafi wurin hukuma a ƙungiyance, da talaka bai ji tsoron fitowa ba. Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, amma yaron da aka haifa a Agege bai san cewa kakan kakansa ya hau dutsen Banyo da bindiga a hannu ba, ko ya ɗauki akwatin harsashi a ka har Mahiwa. Ran da ya shiga Onikan ya ga bindigar a cikin gilashi, da sunan gidansu rubuce a ƙasa, ya sami gadon da ya fi kuɗin 'yan gwangwan, kuma ba wanda ya kwana a caji ofis saboda ita.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya zaunar da ƙasa lafiya.